Gidan da Kowa Ya Sani Ban da Maigida: Nazarin Lamarin Wani Matashi Mai Shaye-shaye a Kano

Wannan nazari ya shafi wani yaro ɗan shekara 16 daga wata unguwa a cikin ganuwar Kano, wanda kawunsa ya ɗauka a Adaidaita Sahu zuwa asibiti bayan ya yanke jiki ya faɗi a bakin layinsu yana jijjiga. Mutanen unguwa sun ɗauka farfaɗiya ce, wasu suka ce iska ce, amma likita ya gano cewa ƙwayar tiramol mai ƙarfi ya haɗiya fiye da ɗaya, da rana tsaka, ba tare da ya ci komai ba. An sakaya sunansa da na unguwarsu da duk abin da zai sa a gane gidan, kuma bayanan da ke nan daga bakin mutanen gidan suka fito, bayan sun amince. A ranar da ya faɗi, yaron ya kusa shekara biyu yana shaye-shaye, kuma kusan kowane babba a gidan ya san wani ɓangare na labarin, sai mahaifinsa kaɗai, wanda iko da kuɗi suke hannunsa, da bai ji ba sai a bakin gadon asibiti.

Gidan da mutanensa

Gida ne irin na da, mai soro biyu da shago a cikin soron waje. Maigidan ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutum ne mai rufin asiri wanda ko sigari bai taɓa sha ba. Yana fita da hantsi, ya dawo dab da magariba, daga masallaci ya zarce majalisar dattawan layi har bayan isha'i. Matansa biyu. Uwargida tana da manyan 'ya'ya, ita kuwa ta biyun, yaron nan shi ne ɗan farinta, saboda haka akwai alkunya a tsakaninsu: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in za ta yi masa magana sai ta bi ta kan ƙannensa ta ce, "Ku ce wa Yayanku ya zo ya ɗauki abincinsa." Mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke kira Hajiya, tana zaune a ɗakin da ke kusa da soron ciki.

Da yaron ya kai shekara 13 zuwa 14, sai aka yi masa abin da ake yi wa duk namijin da ya fara tasawa, wato aka fitar da shi daga ɗakin mahaifiyarsa ya koma kwana a shago tare da yayyensa maza, 'ya'yan uwargida. Al'ada ce mai ma'ana, kuma ba wanda zai ga aibunta. Sai dai a wannan gida ta zo da wani giɓi da ba a lura da shi ba, domin yaron ya bar gaban matan da suke ganin kwanciyarsa da tashinsa, bai kuma shiga hannun uban ba, tunda uban ba ya gida sai lokacin da gajiya ta ci ƙarfinsa. Tambayar da uban yake yi masa kullum ba ta wuce biyu ba: ya je makaranta, ya yi salla? Amsar ita ma ba ta canzawa: "E, Baba."

Ta inda kwalbar ta shigo

Mahaifin ya daɗe yana ɗora laifin a kan abokai, kuma abokai suna da nasu kason, amma kwalbar farko daga cikin gida aka aiki yaron ya sayo ta. Wata yayarsa, 'yar uwargida, aurenta ya mutu ta dawo gida da ƙaramin goyo, ga rashin barci, ga ɓacin rai, ga surutun mutane. Ita ce ta fara aikensa kemis ya sayo mata maganin tari mai kodin, ta bar masa canji, ta kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Ya sha ganin tana juye maganin a robar lemo tana kurɓa a hankali har jikinta ya saki. Wata rana ya ɗanɗani ragowar, daga nan ya fara rage kwalbar kafin ya miƙa mata, daga bisani ya gano cewa wasu daga cikin yaran da suke zama a bayan makarantarsu sun riga shi nisa a harkar.

Kodin yana cikin dangin magungunan da ake samu daga ofiyom, kuma idan ya shiga jiki hanta tana mayar da wani kaso nasa zuwa mofin, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Shi ya sa yake kawo sanyin jiki da gyangyaɗi da mantuwar damuwa, shi ya sa kuma jiki yake sabawa da shi har rabin kwalba ya daina isa. A lokacin da yaron ya fara, maganar kodin ta cika Kano. A ƙarshen 2017 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Bukola Saraki, ta zo Kano ta yi taro na musamman kan shaye-shaye, kuma a wannan shekarar ne aka yi ta yaɗa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kowace rana a Kano da Jigawa. Wannan adadi yana buƙatar taka-tsantsan, domin binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta masu shan maganin tari don maye a duk faɗin Nijeriya da mutum miliyan 2.4, kuma da wuya lissafin biyu su haɗu. Amma ko adadin binciken kaɗai ya isa abin tsoro: mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda, a Kano kuwa kashi 16 cikin ɗari ne, sama da mutum miliyan 1. Binciken ya kuma nuna cewa ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, abin da ke nufin yayar yaron tana da 'yan uwa da yawa a bayan labule.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani rahoton bincike kan yadda maganin ke fita daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, kuma a ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Lafiya Isaac Adewole, ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kwalba ta yi tsada, ta kuma yi wuyar samu. Yayar, da yake tana da 'yan kuɗinta da hanyoyinta, ta ci gaba da samu jifa-jifa. Yaron, wanda kuɗinsa bai wuce canjin aike da na tara ba, ya koma tiramol, irin mai lamba 200 ko 225 da ake sayarwa a ɓoye, alhali wanda likitoci suka saba rubutawa 50 ne ko 100. Ga arha, ga sauƙin ɓoyewa a aljihu, ga shi ba ya wari. Ɗaya daga cikin illolin tiramol idan ya yi yawa shi ne jijjiga, kuma ita ce ta kayar da shi a bakin layi.

Abin da kowa ya sani, da dalilin shirunsa

Mahaifiyar ce ta fara ganin alama. Ta ga yana barci a zaune, yana yawan sosa jiki, abinci ya daina shiga, sannan kuɗin adashenta suka fara raguwa a inda take ajiyewa. Ta gane, amma ta yi shiru, domin a lissafinta ranar da maganar ta fita, gorin kishiya ba zai ƙare ba, kuma maigida zai ce tarbiyyarta ce. Sai ta riƙa cike giɓin adashen daga kuɗin sana'arta, tana yi masa faɗa ta bakin ƙannensa. Babban yayansa ya tsinci kwalabe a ƙarƙashin katifa a shago, ya yi masa duka, amma bai kai ƙara ba, don kada a ce 'yan ubanci ne ya sa yake neman ɓata ɗan kishiyar uwarsa. Yayar da ta fara aikensa ta fi kowa sani, kuma ta fi kowa dalilin yin shiru. Malamin Islamiyya ya rubuta takarda yana neman ganin uban saboda fashi, ya ba yaron da kansa ya kai gida, takardar ba ta taɓa isa ba. Hajiya kuwa ta ga jikanta ya rame idanunsa sun canza, ta yanke cewa sammu ne, ta sa aka riƙa karɓo masa rubutu.

Duk cikinsu babu wanda ya yi shirun don mugunta. Kowa yana kare wani abu ne da yake da daraja a wurinsa, ko zaman lafiyar gida, ko mutuncinsa, ko yaron kansa daga fushin uba. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma a gidan nan kowa ya ɗauki wani mataki a kan yaron, daga mai duka har mai rubutu. Abin da aka rasa shi ne hanyar da labari zai bi ya isa ga maigida ba tare da ya zama ƙara ko tonon asiri ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan giɓi. Farfesa Laurie Chassin ta Jami'ar Jihar Arizona a Amurka ta ƙarar da mafi yawan shekarun aikinta a kan tambaya guda, wato ta wace hanya abin da ke faruwa a gida yake kai matashi ga shaye-shaye. Ta fara da binciken shan sigari tsakanin ɗalibai a jihar Indiana tun 1980, sannan a 1988 ta fara bibiyar matasa 454 da iyayensu, fiye da rabinsu 'ya'yan masu larurar shan giya, ta ci gaba da bin su har suka girma suka haifi nasu 'ya'yan. A sakamakon da ita da abokan aikinta suka wallafa a 1993, sun nuna cewa matsalar iyaye tana isa ga yaro ta hanyoyin da za a iya nunawa da yatsa: sa idon iyaye yana raguwa, tashin hankali da ƙunci suna ƙaruwa a zuciyar yaro, kuma waɗannan biyun ne suke tura shi cikin abokan da suke sha. Ke nan zaɓen abokai, wanda iyaye suke ɗauka shi ne farkon labari, sau da yawa tsakiyarsa ne. Arizona ba Kano ba ce, kuma mahaifin wannan yaro ba mashayi ba ne, don haka ba za a ɗauko sakamakon a kifa shi a kan gidan yadda yake ba. Sai dai hanyoyin da ta bayyana duk suna nan: mai sha a cikin gida, ƙuncin zaman kishi da yaron ya taso a cikinsa, da uban da bai san inda ɗansa yake yini ba.

Binciken da ya fi dacewa da lamarin, a ganina, shi ne na Hakan Stattin da Margaret Kerr na Jami'ar Orebro a ƙasar Suwidin, wanda suka wallafa a 2000 bayan sun yi nazarin yara 703 'yan shekara 14 da iyayensu. Kafin su, an ɗauka cewa iyayen da suka san halin da 'ya'yansu ke ciki sun sani ne saboda bincike da tsare-tsare da yawan tambaya. Su kuwa suka rarrabe hanyoyin sanin guda uku, wato tambayar da iyaye ke yi, da dokokin da suke kafawa, da abin da yaro ke faɗa don kansa, suka gano cewa mafi yawan abin da iyaye suka sani daga bakin yaron yake fitowa, kuma wannan ne ya fi alaƙa da nisantar ɓarna. Mahaifin yaronmu yana da doka, yana kuma tambaya, amma ɗansa bai taɓa zama gabansa ya ba shi labarin komai ba, ko na ƙwallo. Uwa kuma alkunya ta rufe wannan ƙofa tun yana jariri. A tsarin gidajenmu na da, wannan aiki na kaka ne ko kawu ko gwaggo, waɗanda yaro ke iya wasa da su ya faɗa musu abin da ba zai faɗa wa iyaye ba, kuma alkunya ba ta cutarwa muddin wannan mutum na uku yana nan. A gidan nan kakar ta tsufa ta daina ji sosai, kawun kuma, ƙanin mahaifiyar, yana can wata unguwa, ba ya son yawan zuwa gidan surukai.

Matakin farko: gidan mari

Da aka sallami yaron daga asibiti, likita ya ba da shawarar a kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Kano tana da irin waɗannan wurare, akwai sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, amma uban ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Cikin fushi da jin kunyar unguwa ya kai shi wani gidan mari. A can yaron ya yi kwanakin farko na yankewar ƙwaya ba tare da magani ba, da ciwon gaɓoɓi da gudawa da zubar majina da rashin barci, ƙafarsa a cikin mari. Ya yi watanni a wurin. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, aka biyo da na Daura da Katsina, hotuna suka cika wayoyi, sai uban ya je ya ɗauko ɗansa.

Ya dawo da tabo a idon sawu, da ladabin da kowa ya yaba, da kuma sanin sunayen ƙwayoyin da bai taɓa ji ba kafin a kai shi. Bai yi wata guda ba ya koma. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san aikin Thomas Dishion, wanda shi da Joan McCord da François Poulin suka nuna a 1999 cewa tara matasa masu matsala wuri guda yana iya ƙara musu matsalar. Dishion ya ɗauki hirar yara maza a bidiyo, ya lura cewa inda abokai suke dariya da jinjina wa labarin karya doka, waɗannan yara sun fi faɗawa shaye-shaye daga baya. Dare a gidan mari, kamar yadda yaron ya bayyana shi, hira ce ta wa ya fi wa sha da wa ya fi wa sanin dila. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su cika sani ba, cewa wanda ya yi watanni bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, don haka komawar farko ita ce ta fi kusa da kisa.

Mataki na biyu

A wannan karon kawun ne ya karɓi lamarin. Ya je ya sami maigidan a kasuwa, ya ce, "Alhaji, an gwada naka, a ba ni aron yaron nan in gwada nawa." Ya kai shi asibiti, likita ya duba shi, aka haɗa su da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda bayan zama kaɗan ta ce tana son ganin uban da uwar. Uban ya ƙi, yana cewa shi ba shi da ciwon komai. Irin wannan turjiya sananniya ce a fagen, har José Szapocznik na Jami'ar Miami ya gina wani ɓangare na aikinsa a kanta, ya nuna a 1988 cewa idan mai ba da shawara ya ɗauki shawo kan iyali a matsayin aikin farko, kashi 93 cikin ɗari na iyalai suna shiga jinyar, maimakon kashi 42 idan an bi yadda aka saba. Masaniyar ba ta sake aika wa uban kira ba. Ta ce wa kawun ya shaida masa cewa shawararsa ake nema a matsayinsa na mai gida, tunda babu abin da za a zartar ba da izininsa ba. Ya zo.

Abubuwan da aka tsayar ba su da yawa. An daina aiken kowane yaro kemis. An yarda cewa abin da yaron ya faɗa wa kawunsa zai isa ga uban, amma da sharaɗin ba duka ba kora, kuma wannan sharaɗi shi ne ya fi yi wa uban nauyi, don yana ganin kamar an karɓe masa sanda ne. An mayar da yaron makaranta, bayan an tashi kuma ya wuce shagon uban a Kwari maimakon layi, inda aka ba shi aikin rubuta abin da aka sayar. Uban bai zama mai hira ba, amma zaman shago ya sa suna cin abincin rana a kwano ɗaya, kuma a nan ne ya fara jin ɗansa yana magana da abokan ciniki har ya gane yaron yana da kan lissafi. Uwar ta ci gaba da alkunyarta, ba wanda ya nemi ta bari, sai dai ta daina cike giɓin kuɗi a ɓoye.

Gyaran gida bai taɓa kasuwar ƙwaya ba. Ƙwayar da yaron ya saya tana da masu shigo da ita da masu rabawa, kuma ƙoƙarin hukumomi na mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro, tare da kamen da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke yi, wani fage ne dabam da babu iyalin da zai iya shi. Yaron ya sake komawa sha fiye da sau ɗaya a shekarar da ta biyo baya. A karo na farko yayansa ne ya gane, a karo na gaba kuwa shi da kansa ya je gidan kawunsa da dare ya ce, "Kawu, na sha, ka kai ni wajen likita kafin Baba ya gani." Masaniyar ta ɗauki wannan a matsayin ci gaba mafi girma a duk jinyar, uban kuwa ya daɗe kafin ya yarda da hakan. Yaron ya gama sakandare a makare da shekara ɗaya, kuma har yanzu yana shagon.

Batun yayar ne ya gagara. Lokacin da yaron ya faɗi wanda ya fara aikensa, uwargida ta ce ƙazafi ne aka ƙulla wa 'yarta don a wanke ɗan kishiya, gidan ya yi kwanaki ba a ga maciji. Masaniyar ta nemi a kawo ta ko sau ɗaya, ko da da sunan rashin barci ne, amma uban ya ga cewa idan aka ji bazawara tana zuwa wannan sashe na asibiti, ba mai sake neman aurenta. Ba a kai ta ba. Bayan 'yan watanni aka ɗaura mata aure da wani mutum a wata unguwa, ba a gaya wa mijin komai ba, kuma a gidan da ta tare akwai 'ya'yan mijin ƙanana da suka kai a aike su.